Saniyar da Ba Ta da Tozo

Ɗana ya kai shekara huɗu bakinsa bai buɗe ba. Daga "ruwa" sai "a'a", sauran kuwa nuni da yatsa. An duba kunnensa an ce lafiya lau. A ofishinmu na ƙaramar hukuma a Gaya kowa ya zama likita, ni kuwa ina dariya a fili, cikina fal tsoro.

Wata abokiyar aikina ce ta sa mini wani wasan yara a waya, mai zuwa da katuna. In ka ajiye kati a ƙasa ka haska shi da kyamara, sai dabba ta bayyana a fuskar wayar, tsaye a kan tabarmarka tana kaɗa jela, wata murya na faɗin sunanta don yaro ya maimaita. Giwa ta sha tsayawa a gefen murhuna. Yaron ya yi ta ƙyalƙyala dariya, ya leƙa bayan wayar yana nemanta, amma batun maimaitawa ko oho. Ni ce dai na haddace dabbobin kaf.

Lokacin cirar gyaɗa muka hau babur zuwa Toranke wajen Inna, mahaifiyata. Tana ganin wasan ta taɓe baki. "Maigidana na zamansa lafiya kin haɗa shi da aljanun waya," in ji ta, don haka take kiran jikan nata.

Muna zaune muna tsinkar gyaɗa yaron ya ɗauki wayar da kati ɗaya ya nufi turken shanun noman yayana. Ya ajiye, ya haska. Saniya ta fito, dabbare-dabbare, babu ƙaho, bayanta a shafe, tana tsaye gab da bijimin gidanmu da ke cin harawa. Ya kalli wannan, ya kalli waccan. Sai ga shi da gudu ya ja zanen Inna.

"Inna, an yanke mata tozo."

Gyaɗar hannun Inna ta zube. "Me ka ce, maigida?"

"Tozonta babu. Wa ya yanke?"

Ya ajiye katin a gabanta, ta karɓi wayar ta nisanta da idonta ta duba. "Wallahi gaskiyarka. Wannan ko kyauta aka ba ni sai na yi shawara."

Saniyar ƙasar Turawa ce, shi ya sa babu tozo. Daɗi kamar ya kashe ni. Amma ɗan fari ne, a wurinmu kuwa uwa ba ta nuna ɗokin ɗan fari a gaban iyayenta, ko sunansa ba ta kamawa. Sai na sunkuyar da kai na ci gaba da tsinka.

Inna ta dube ni ta wutsiyar ido. "Ke, tashi ki duba min kaji a bayan rumbu."

Babu kaza ko ɗaya a can. Na tsuguna na sha kukana, ina jiyo shi yana tambayarta ina aka kai ƙahonnin.