Yadda Jar Ƙasar Abokina Ta Sauko Fadamata

Shekarun baya, tun ban iya riƙe biro ba balle in zauna ina latsa waya ina ba ku labari, akwai abin da ya shiga tsakanina da abokina a kan gona. Malamin ajinmu na yaƙi da jahilci ne ya ce kowa ya rubuta abin da ya fi sani, na duba na ga ban san komai kamar ƙasar bakin rafinmu ba. Abin da ya tuno mini ke nan.

Gonakinmu suna wajen Maska, inda tudu yake gangarawa zuwa rafi. Ba gangara ɗaya yake yi ba, hawa-hawa ne kamar matakala, kuma kowane hawa da irin ƙasarsa. Na sama jar ƙasa ce mai tsakuwa, in garma ta ɗan zurfafa sai ka ji ta a kan marmara. Ba ta riƙe ruwa, amma gyaɗa da dawa suna sonta. Na tsakiya ƙasa ce mai laushi, ba ja ba kuma ba baƙa ba, nan masara da auduga suke sakewa. Na ƙasa, wanda yake dab da rafi, baƙar laka ce. Da rani ta tsattsage har ƙafar akuya ta iya faɗawa, da damina ta kama ruwa ta riƙe, ta ƙwace wa mutum takalmi. Tsofaffinmu suna cewa kowane hawa rafin ya taɓa kwanciya a kansa kafin ya zurfafa ya koma inda yake yanzu.

Hawa na sama da na tsakiya na abokina ne. Na ƙasa nawa ne, gadon mahaifina, kuma shinkafar da nake nomawa a nan ita ce take riƙe gidana daga kaka zuwa kaka. A leɓen kowane hawa akwai layin gamba da muka taso muka tarar, kowace shekara a yanke a yi zana, tushen ya sake tofowa.

To, wata shekara abokina ya samu buɗi. Ya kewaye gidansa da bulo, zana ta daina yi masa amfani, ya ce gamban nan ba abin da yake tara masa sai gafiya da macizai. Ya sa aka tumɓuke shi duka, ya kawo tarakta ta haɗe hawa biyun nan suka zama fili ɗaya, kunyoyin suna kallon rafi. Ya zuba waken suya. Ni ma na tsaya na yaba, don gonar ta yi kyaun gani.

Daminar farko na lura ruwan da yake saukowa fadamata ja ne. Na ce ai ruwa ne, zai wuce. Damina ta biyu gefen gonata na wajen tudu ya daina riƙe ruwa. A sha ruwan sama da safe, kafin la'asar wurin ya tsane, shinkafar ta tsaya gajera tana rawaya. Na gani sarai, amma ni mutum ne mai nauyin baki. Mutane suna ce mini mai haƙuri, ni kuwa na san rabin haƙurin nan rashin sanin ta inda zan fara magana ne. Tare aka yi mana kaciya da mutumin nan, shi ya riƙe mini kai ranar da aka binne mahaifina. Sai in shirya magana tun daga gida, in same shi a gindin ɗorawa, mu ɓige da hirar farashin taki.

Mahaifiyata ce ta ɗaga maganar. Ta daɗe da daina zuwa gona, amma ba ta yarda kowa ya rege mata shinkafa ba. Ran nan na shigo na same ta da ƙwarya a gaba, ta tara 'yan jajayen tsakuwoyi a kan faifai. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kiran sunana, sai ta ce, "Kai wannan, zo ka gani. Tun ina amarya nake rege shinkafar fadamar nan. Dattinta baƙi ne, yana jin ruwa yake narkewa. Wannan kuwa haƙori yake nema. Daga ina?"

Na faɗa mata. Ta ce ko in yi masa magana, ko ita ta aika a kira shi, tunda ba yau ta fara ja masa kunne ba. Ta ƙara da cewa kada in kuskura in kai maganar gaban mai unguwa, don abin da ya je can ko an sasanta ba ya dawowa yadda yake.

Da na yi masa maganar bai yi fushi ba, dariya ya yi. Ya ce rafi ne ya yi ambaliya ya zuba mini yashi, kowa ya san halinsa, in daina ɗora wa wakensa laifi don na ga ya yi kyau. Wannan ta ƙarshen ta ɗan sosa mini rai, amma na haɗiye. Na ce masa mu bari a gama girbi, mu je tare mu tona.

Da rani ya shigo muka je da sassafe, ni da shebur shi da diga. Muka haƙa rami a wurin da shinkafar ta lalace, muka gyara bangonsa ya yi sumul, muka tsuguna muna kallo. A sama ja ne, ya fi tsawon tafin hannu, cike da ɓarɓashin marmara. A ƙarƙashinsa baƙar lakar nan tana kwance lafiya lau. Can ƙasa kuma ga wani siririn layi fari, yashi mai laushi kamar gari, na wata tsohuwar ambaliya, sannan laka ta ci gaba. Wato rafin ma ya bar shaidarsa, kuma ba ta yi kama da abin da yake sama ba.

Na matsa na ba abokina wuri. Shi da kansa ya ɗebi lakar ya jiƙa da ruwan buta ya murza, ta miƙe kamar igiya. Ya ɗebi farin yashin, ya zube ta tsakanin yatsunsa. Ya ɗebi jan ya murza, ya ji tsakuwa tana cin tafinsa. Ya daɗe yana kallon hannunsa, sannan ya miƙe ya nufi tudu, na bi shi a baya. A can saman gonarsa akwai wuraren da marmara ta fito fili kamar sanƙo, karan waken wurin bai wuce idon sawu ba. Ashe shi ma ya daɗe yana gani, yana cewa takin zamani ne ba shi da kyau.

Ya ce, "Malam, ashe gonata ce ta yi ƙaura, ko sallama ba ta yi mini ba."

Na ce ai ta sauka gidan mutunci, shekara biyu ina ba ta masauki.

Sai ya ce, "To, kayana ne. Zan zo in kwashe abina."

Na ɗauka irin maganarsa ce. Washegari sai ga shi da amalanken shanu da shebur biyu. Haka muka shiga aikin da ban taɓa jin wani ya yi ba a yankinmu, muna kankare jar ƙasa daga kan laka, muna lodawa, shanu suna ja zuwa tudu, muna juyewa a kan sanƙon nan. Masu wucewa kasuwa a kan babur sukan rage gudu su tambaya ko tubali za mu buga. Wani dattijo makiyayi da rugarsa take kusa da mu ya tsaya ya kalle mu, ya ce shi dai tausayin shanun yake ji. Amma shi ne ya nuna mana inda za mu samo tushen gamba a bakin wani kwari, da ruwa ya sauka muka dasa a tsohon leɓen hawa biyun. Abokina ya juya kunyoyinsa suka daina kallon rafi.

Ba zan ce muku komai ya dawo ba. Abin da muka iya kwashewa kafin damina bai wuce rabi ba, kuma bayanmu ya gaya mana shekarunmu. Inda muka kai ga laka, shinkafa ta dawo kamar ba a yi komai ba. Sauran wurin ja da baƙi sun riga sun cakuɗe, ya zama wata ƙasa dabam wadda ba ta tudu ba kuma ba ta fadama ba. Na gwada shinkafa ta ƙi, na koma dankali da masara, suka karɓa. Buhunan shinkafata sun ragu, har yau ba su koma yadda suke ba, gidana ya koyi cin tuwon masara fiye da da.

In na zauna ina tunanin abin, nakan ga da ina ɗaukar ƙasa abu ne da yake zaune wuri ɗaya, in an ce wannan laka ce to laka ce har abada. Ashe tafiya take yi, kuma ƙasa take yi ba sama ba. Abin da ruwan yamma ɗaya ya saukar, sai ƙarti biyu da shanu su yini ba su mayar ba. Na kuma gane cewa iyakar da ke tsakanina da maƙwabcin gona ba ta hana gonarsa shigowa tawa, don haka abin da ya yi a tudu da ni aka yi, ko an tambaye ni ko ba a tambaye ni ba.

Wani lokaci in na tsaya a gefen dankalin nan, inda mahaifina ya saba nutsewa a laka har gwiwa, raina yakan ɗan yi nauyi. Amma ban taɓa jin haushin abokina ba tun ranar da na ga ya tuɓe riga ya kama shebur. Rabin fadama na rasa. Da maganar ta bi wata hanya, da fadamar da mutumin duka zan rasa, don babu hukuncin da zai sa wani ya kwashe maka ƙasa da hannunsa rani guda yana yi maka tsiya.