Telan da Ya Rage Wandonsa

Tela ne tun yana saurayi, irin masu gyara: a rage, a ƙara, a yi faci. Duk layin an san in ya taɓa riga, ko mai ita ba zai nuna inda allura ta bi ba. Da tsohon kekensa na ɗinki ya kai 'yarsa makarantar likitanci, shi kuwa bai taɓa ɗinka wa kansa rigar kirki ba.

Shekarar babbar jarrabawarta, a shagonsa take karatu saboda hayaniyar gida. Tana hadda da ƙarfi, yana taka keke.

"Kansar fankiriyas, tsokar da ke bayan tumbi," ta karanto. "Ciwon ciki mai ratsawa zuwa baya, yana lafawa in an sunkuya. Rama ba dalili, ƙin abinci, ƙaiƙayi. Fitsari ya yi duhu, ido ya yi rawaya."

Ƙafarsa ta tsaya cak.

"Uwata, shi wannan ana warkewa?"

"In an gano da wuri, Baba. Amma munafuki ne, sai ya gama cin mutum yake fitowa."

"To, Allah ya kyauta. Ci gaba."

Alhali ya daɗe da ciwon bayan nan. Amma wa zai ga tela a sunkuye ya tambayi dalili? Ya san halinta sarai, yana buɗe baki za ta watsar da littafi ta bi shi asibiti, wahalar shekaru ta bi ruwa. Sai ya ce a ransa bari ta gama tukuna. Kai, wannan taurin kai da ciwo yake! Wando ya yi masa yawa, ya zauna ya rage. Ya sake yin yawa, ya sake ragewa. Matarsa ta yi ƙorafin yana barin abinci, ya ce ya ci a shago.

Ranar da 'yar ta zo da murnar ta ci jarrabawa, ya ɗago yana dariya, ta ga idonsa rawaya. Likitoci suka duba, suka ce an makara.

Bayan rasuwarsa tana ninke kayansa ta juya wandon. Layin ɗinki ne a ƙugun, wani cikin wani, tsaf, ta waje ko alama babu. Ta zauna a ƙasa da shi a hannu, baƙin ciki kamar ya kashe ta. Tambaya kan wannan ciwon ta fito a jarrabawar, kuma ba ta manta alama ko ɗaya ba.