Wa Ya Yi Wa Malam Wanka?

Wa ya yi wa Malam wanka? Malam mijina ne, shi ne mai wankan gawa a ƙauyenmu, can bakin iyaka. Duk namijin da ya rasu, ta hannunsa yake bi. Shi kuwa har yau ban san wanda ya zuba masa ruwa ba.

Ban iya rubutu ba. Faɗa nake, Madam Aisatu tana rubutawa.

Ranar Laraba ce. Bayan asuba na dama masa kunun tsamiya, ya sha rabi, ya ce na cika hannu. Na yi shara, na saki awaki. Da hantsi ina surfen gero na ji ƙugin babura daga gabas. Na ɗauka 'yan kasuwa ne. Sai harbi. Sai ihun mata daga bakin rijiya.

"Ku fito! Ku bi rafi!" in ji wani ta bayan danga.

Na yar da taɓarya. Ko mayafi ban ɗauka ba. Muka fito da Malam, hayaƙi ya rufe masallaci, rumbuna na ci da wuta.

Na bi sauran mata ta cikin busasshen rafi, ba tare da Malam ba. Da azahar muka kwanta a gonar dawa, muna jin babura suna kai da komo. Da la'asar muka tashi. Ƙafafuna sun tsage, ban ji zafi ba sai da na ga jini a yashi. Daga baya motar shanu ta kawo ni kudu, babban birni, wajen ɗana Sani, mahauci a mayankar Etudi. Ya sauke ni a ɗakinsa a unguwar Briketeri.

Nan kuwa moto, wato babur, ba ya ƙarewa. Duk wanda ya wuce, sai in tsinci kaina a bayan ƙofa, zanina a jiƙe. Na daina fita. Sani ya karɓo mini rubutu, na sha. Daga asibiti aka turo mini Madam Aisatu, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, wadda suke kira asistan sosiyal. Bafulatana ce 'yar Garwa. Ta zauna a tabarmata ta ce, "Inna, ba hauka ba ne. Jikinki ne bai san an daina gudu ba."

Ta koya mini jan numfashi a hankali. Ta ce in riƙa nuna mata girman tsoron da yatsuna. Muka fara sauraron moto daga cikin ɗaki, tana riƙe da hannuna har yatsun su ragu. Sai soro. Sai bakin titi, kusa da mai soya, wato mai tsire. Wannan hanyar maganin tana da suna da Faransanci, ban riƙe ba. Yanzu ina zuwa kasuwa da ƙafata.

Labarin ma haka ta sa muke binsa, daga safiyar ranar, kowane zuwa in ƙara kaɗan. Amma kullum na kai ƙofar gidan Audu maƙeri, maƙwabcinmu, sai in tsallake in faɗa rafi. Ta lura, ba ta matsa mini ba. Yau ni na ce ta ɗauko biro.

Audu yana kwance a ƙofar gidansa, an harbe shi, ido a buɗe. Malam ya tsaya. Ya tsuguna ya rufe masa ido, ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe shi. Na ja hannunsa, ya zame. Babura sun juyo, ina jin su a bayan masallaci.

Wani mutumin garinmu ya ce washegari ya hango su daga nesa, kwance su biyu. A kan maganarsa na yi takaba. Ba likkafani, ba kabarin da zan nuna wa jikoki.

A ƙofar Audu, da na ja hannun Malam, bai ko ɗago ya dube ni ba, yana gyara wa Audu ƙafafu. Ya ce, "Dije, bi su. Bari in ja shi inuwa, ina nan tafe."