Ƙibar da Aka Yi wa Hajiya Barka

A yau kusan kowane kantin magani a Gwammaja zai huda maka yatsa, ya gaya maka yawan sukarin jininka kafin ku gama gaisawa. Da can sai mutum ya rame, kiyashi sun fara taruwa inda ya yi fitsari, sannan a ce ciwon sukari ne. Ƙoda kuwa, ba mai tuna ta sai a gaban mai tsire.

Matata, wadda kowa ke kira Hajiya, ta daɗe da ciwon. Ya tsotse ta har awarwaronta na zamewa zuwa gwiwar hannu. A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, na dawo daga fataucin fata a Tarabulus, na tarar ta cika, kumatu sun fito. Gidanmu na Madabo kullum da masu zuwa barka. Mu a nan in mara lafiya ya yi ƙiba, ya warke ke nan. Mata suka dage mata da kunun kanwa da kilishi, wai ta ƙara.

Ƙanwata ta dube ni ta ce, "Yaya, ashe tafiyarka ce maganinta. Yaushe za ka koma?"

Hajiya ta ce, "Ƙyale shi, baƙin ciki yake yi. Dubi yadda ya dawo kamar sandar makiyayi."

Na yi dariya, amma hankalina bai kwanta ba. A Omdurman, wani garin da nake zuwa fatauci, ina da mai masauki mai irin ciwonta. Shi ma ya cika haka, na yi masa barka da Larabcina mai kyau. Komawar da na yi, na same shi kwance, inji na wanke masa jini, ƙodarsa ta daina aiki. Abin da nake ji wa Hajiya tsoro ke nan.

Wata safiya ta cire takalmi za ta yi alwala, na ga shatin igiyarsa ya nutse a ƙafarta. Na danna ƙwaurinta da babban yatsa. Ramin ya tsaya, bai ciko ba.

Ta ce, "Malam, tuwo ka mai da ni?"

Da na matsa da tambaya, ta sunkuyar da kai ta ce fitsarinta na kumfa kamar an kaɗa sabulu. Duk da haka sai da muka kai ruwa rana kafin ta yarda. "Kowa na yi mini barka, kai kana ja na asibiti."

Likitan matashi ne. Ya fara yi mini bayani da Turanci, na ce ya juya Hausa, jikin nata ne. Ya ce a cikin ƙoda akwai ƙananan jijiyoyin jini da ke tace jini kamar rariya. Jiki na da wani sinadari mai sa jijiyoyi su tsiro, kuma ƙoda na buƙatarsa daidai gwargwado. In sukari ya daɗe da yawa, sinadarin sai ya wuce kima, sababbin jijiyoyi su fito marasa ƙwari, suna yoyo. Abin gina jiki ya bi fitsari, shi ne kumfar, ruwa kuma ya taru a jiki. Ya ce masana na kan binciken abin.

Hajiya ta ce, "Wato duk ƙibar nan ruwa ce?"

"Ruwa ne, Hajiya."

Aka ɗebi jini da fitsari. Ranar da muka koma, ban iya zama a benci ba. Likitan ya duba sakamakon, ya ce ƙodar ta taɓu, amma da sauran ƙarfinta, ba maganar inji. Na lallaɓa na zauna, na ma rasa da wane harshe zan gode masa. Hajiya ce ta yi godiyar.

Ya ba ta maganin hawan jini mai kare ƙoda, ya gyara na sukarin, ya hana kanwa da yawan gishiri. Kumburin ya saɓe, ta koma siririyarta. Ƙanwata ta yi ta yawo da ni a dangi, wai na kai matata asibiti an tsiyaye ta.

Hajiya ba ta taɓa hawa injin nan ba har ta ga jikokinta. Tun daga lokacin, duk mai ciwon sukari a zuriyarmu ana auna fitsarinsa kowace shekara, ko yana jin ciwo ko ba ya ji.