Yadin Da Ba Mu Saya A Shagon Alhaji Isufu Ba

Ina tsaye a tashar motocin Yamai da ke nan Wagadugu ina jiran kaya, ranar Talata da hantsi, wayata ta yi ƙara. Sani ne, babban ɗan Alhaji Isufu. Ya ce, "Kawu Habu, Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan buhun wani da ban sani ba.

Alhaji Isufu mai yadi shi ne shugaban ƙungiyarmu ta Zangon Wagadugu, wadda ke yi wa baƙin da suka rasu ba dangi sutura. Ni ne sakatarenta. Mu bakwai ne a kwamitin gudanarwa, wanda muke kira biro, kuma ba mai karɓar albashi. Tun ba a share makoki ba, wasu daga cikinmu suka kawo shawara: daga yanzu a riƙa sayen yadin likkafani a shagonsa don a tallafa wa iyalinsa. Ranar Lahadi za mu zauna a kai. Shawarar daga zuciya mai kyau ta fito, amma ni a'a zan ce.

Duk tsawon shugabancinsa, bai taɓa bari mun sayi ko kamu ɗaya a wurinsa ba. Wata rana Malam Ɗanjuma, ma'ajinmu, ya gaji ya ce, "Haba Alhaji, kai ne perzidan, naka ya fi araha, don me za mu yi ta jan ƙafa har unguwar Widi?" Alhaji ya yi murmushi ya ce, "Yau ya fi araha. Ran da ya yi tsada, wa a cikinku zai kalli idona ya faɗa mini?" Ya san mu sarai. A Zango wanda ba surukinka ba ne maƙwabcinka ne, kuma kunya kan rufe mana baki a inda ya kamata mu buɗe shi.

Ni ma ya taɓa kama ni. Muna neman direban da zai riƙa kai gawa maƙabarta, mutum uku suka nema, ɗaya ƙanin matata ne. Na yi shiru da wannan, na shiga yabonsa kamar yau na fara ganinsa. Sai da na gama tsaf Alhaji ya ce, "Habu, wannan Lawalin ba ƙanin Hajara ba ne?" Na ce shi ne. Ya ce, "To ka faɗa da bakinka, sannan ka fita ka sha iska mu gama." Na fita raina a ɓace. Ba a ɗauki Lawali ba, na sha fushi a gida, ni kuma na yi mako ina kauce wa Alhaji. Shi da kansa ya tako har ƙofata. Ya ce, "Ban ce kai macuci ne ba. Amma gawar baƙo ba ta da mai yi mata magana sai mu."

Jiya na je wurin Hajiya Binta, matarsa, don kada ta ji daga bakin wani. Na durƙusa na gaya mata abin da zan faɗa ranar Lahadi. Sai ta ce, "Habu, shagon nan fa da ƙyar yake tsaye." Na ce, "Na sani, Hajiya. Kayan sallar gidana can zan ɗauka, kuma zan bi mutanen biro ɗaya ɗaya su ma su yi haka, kowa daga aljihunsa." Ba ta ce ta yarda ba. Na fito, amma ban sake ra'ayi ba.

Ya Allah, Alhaji Isufu ya suturta bayinka da ba su da kowa, Ka suturta shi da rahamarKa. Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa. Ka ba Hajiya Binta da Sani da ƙannensa haƙuri, Ka buɗe musu ƙofar arziki ta halal. Ni kuma Ka ƙarfafa harshena ranar Lahadi. Amin.