Awarwaron da Aka Ƙera da Lambobin Kaka

Iskar Jidda ba ta barin azurfa da haske. Kwana kaɗan, laimar teku ta baƙanta ta. Jiya na zauna ina goge awarwarona da lemon tsami, warin ƙarfen nan ya daki hancina, sai ga ni a ɗakin Kaka a unguwar Kurayyat, ina yarinya, fanka na juya zafi daga wannan bango zuwa wancan.

Kaka, mahaifin babana, maharbi ne a ƙasar Damagaram kafin ya zo aikin hajji ya zauna. A nan kuwa wa zai ba baƙo bindiga? Gadi ya samu a unguwar Bagdadiyya, gidan wani Bature mai sayar da agogo, mutumin ƙasar Suwis. Baturen yana tara lambobin yabo na azurfa, tsofaffi, waɗanda ake ba gwanayen harbi a bukukuwan ƙasarsu tun zamanin kakanninsa. Wata rana ya tarar da Kaka ya ƙura wa ɗaya ido, ya kuma ga yadda yake gyara kafaɗa kamar mai saiti. Ba su jin yaren juna, amma maharbi ya gane maharbi. Tun daga nan, in Baturen ya dawo daga hutu sai ya riƙo masa ɗaya. Bayan Baturen ya tafi, Kaka ya ci gaba da bin masu tsofaffin sulalla a kasuwar Bab Makka, ko za a dace. Sau da yawa ya dawo hannu rabbana.

Ni na taso na same shi yanar ido ta rufe masa gani. A gwangwanin biskit yake ajiye lambobin, kowace a naɗe da ƙyalle. Bayan la'asar sai ya ce, "Amarya, kawo mini dajina." Haka yake kirana, wasan kaka da jika. Ya ɗauki ɗaya, ya bi ta da babban yatsa a hankali. Ga bindigogi biyu an gitta su. Ga wani mai gemu riƙe da baka, ɗansa a gefe. Ga mace tsaye da garkuwa, duwatsu a bayanta. Ba ya taɓa kuskure. Yana shafawa leɓɓansa na motsi, kirarin maharba yake yi ƙasa-ƙasa, na ɓauna da na gwanki. Haramun ne wani ya goge masa su. Ya ce baƙin da ke cikin lungunan zanen shi ne shekarunsu. Ku fahimce ni, mutumin nan ba ya ganin fuskata, ba ya ganin tuwon da ke gabansa. Abin da ya rage masa na gani a duniya yana cikin gwangwanin nan.

To, kusan kowace lamba akwai ɗan gicciye a jikinta, tambarin ƙasarsu ne kawai. Wata maƙwabciyarmu, mai baki kamar reza, ta shigo aron turmi ta leƙa ɗakin. Ta ga tsoho ido a rufe, yana shafa gicciye yana motsa baki. Ta dafe ƙirji ta ce, "A'uzu billahi! Wannan ai sihiri ne." Ko turmin ba ta ɗauka ba. Allah ya isa tsakanina da ita, har yau ban huce ba.

Wanda bai zauna nan ba ba zai san nauyin kalmar nan ba. A ce baƙar fata yana sihiri, ba ƙaramar magana ba ce, ana iya rasa kai. Ga iƙamar Baba, takardar zamansa, ta ƙare, kafilinsa da ya tsaya masa a ƙasar yana ta ja masa rai. Kafin Juma'a maganar ta kai bakin masallaci. Mai shagon unguwa ya daina amsa sallamar Inna.

Ranar da aka kai Kaka asibiti a duba idonsa, Baba ya dawo gida shi kaɗai, ya ɗauki gwangwanin. Inna ta ce, "Malam, ka jira ya dawo mana." Ya ce, "In na jira ba zai yarda ba. Halas, magana ta ƙare." Bai jefar ba, don mu ba ma jefar da azurfa. Abin da iyayenmu suka saba yi da tsofaffin sulalla shi ya yi: ya kai wa maƙerin farfaru a Bab Makka, aka narka, aka ƙera awarwaro biyu. A ganinsa ya yi dabara, babu abin da ya salwanta, nauyin yana nan.

Likita ya ce idon ya wuce gyara. Kaka ya dawo, ya yi la'asar, ya ce, "Amarya, dajina." Na tsaya kamar an dasa ni. Baba ya durƙusa a gabansa, ya yi bayani, ya sa masa awarwaron a tafin hannu. Kaka ya bi su da yatsa, ya zagaya, ya sake zagayawa, yana neman inda zai ji tudu. Sumul. Sannan ya laluɓo hannuna ya zura mini su, sun yi mini yawa har gwiwar hannu. Ya ce, "Amarya, ga sadakinki. Angon ya makance yau."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Bai sake yin kirari ba. Sai dai bayan la'asar in ga babban yatsansa yana bin saƙar tabarma. Bai ga azumin da ya biyo ba. Masu kame na hukuma ba su taɓa zuwa gidanmu ba, kuma ban sani ba ko narkawar ce ta hana su ko dama ba za su zo ba. Baba ma ya rasu bai sani ba. Na ji haushinsa shekaru, sai da na haifi nawa na fara jin tausayinsa.

Yanzu jikata, wadda Larabci ya fi mata Hausa sauƙi, ta nemo mini hotunan irin lambobin a wayarta. Ta ce har yau akwai masu tara su, kuma ba sa yarda a goge baƙin. Na ga mai gemun nan da bakansa da ɗansa, na gane shi nan take. Ban san lokacin da na rufe ido na ɗora yatsa a kansa ba. Gilashi ne, sumul, kamar abin da ke hannuna.