Nauyin Hannun Yayana

Bayan na yi ritaya daga shugabancin makarantar firamare na zauna a Birnin Kudu, sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama yayana, wanda ya gaji gangar noma daga mahaifinmu a Sara ta ƙasar Gwaram. Na ɗauko shi zuwa gidana domin kusa da asibiti. Hannun damansa ya mutu, abinci ma sai an yi ta lallashi. Duk wanda ya ambaci ganga kuwa, sai ya juya fuska bango. Na fara tsoron ya sallama rayuwa.

Ina da maƙwabci, ma'aikacin jinya, mai kaɗa fiyano a cocinsu. Wata Asabar da hantsi ya shigo da kwamfuta da ƙaramin fiyano, ya roƙi yayana ya taɓa kiɗan gangarsa a kan fiyanon da yatsun hagu. Ya bayyana mini cewa wannan hanya da suke kira MIDI ba sauti take ɗauka ba. Tana adana lokacin kowace taɓawa da ƙarfinta, daga baya a ɗora amon ganga a kai.

Da ƙyar yayana ya yarda. Da aka saka masa ya ji, kiɗan nasa ne, tafiyarsa daidai, amma a raunane, kamar ɗigon ruwa a kwano. Na ga leɓensa na rawa.

Maƙwabcin ya nuna mini wani ma'auni a fuskar kwamfutar, a gefen layin gangar. "Baba, wannan ke ƙara nauyin duka. Ni ban taɓa jin sa a gona ba. Ku za ku saita."

Na ɗora yatsana a kai. In na bar ma'aunin a ƙasa, zai ci gaba da jin rauninsa. In na zarce, zai gane tausayinsa ake ji, shi kuwa mutum ne da ba ya yafe tausayi. Na rufe ido ina neman amon da nake ji ina yaro a bayan manoma, na tura har ɗakin ya ɗauka.

"Hedimasta," in ji shi da harshensa mai nauyi, "jaki kake duka?"

"Haka nake jin ka a da, Yaya."

"Da ma kunnenka na boko ne. Rage."

Na rage.

"Ƙara kaɗan."

Na ƙara. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce duka na biyu ne kaɗai mai nauyi, sauran rakiya suke yi masa, don haka a bi su ɗaya bayan ɗaya a gyara. Maƙwabcin ya ce ai wannan aikin kwanaki ne.

"To, ina za ni?" in ji yayana. Ya waiwayi matata da ke tsaye a bakin ƙofa. "Hajiya, ina kunun nan da na ƙi ɗazu?"